Wa ke da wurin? Sanarwar da ta ɓace tsakanin haramcin barasa da rashin tsaro a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

A ƙarshen kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 akwai Jadawali na Huɗu, inda aka jero ayyukan da suka rataya a wuyan ƙananan hukumomi. Akwai kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da maƙabartu, akwai rajistar haihuwa da mutuwa da aure, akwai sa ido kan shaguna da gidajen abinci da gidajen burodi. Can ƙasa a jerin kuma an rubuta bayar da lasisi da kula da sayar da barasa. Dokar 1998 da ta raba haraji tsakanin matakan gwamnati uku ita ma ta bar wa ƙaramar hukuma kuɗin wannan lasisi.

Ke nan a kan takarda, shugabannin ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa su ne ya kamata su san duk inda ake sayar da barasa a ƙasarsu, su san mai wurin, su kuma san ranar da wurin ya fita daga hannunsa ya koma hannun wani. A zahiri kuwa, tun da Jihar Katsina ta fara aiki da shari'ar Musulunci a fannin laifuka a watan Agustan 2000, zamanin Gwamna Umaru Musa 'Yar'aduwa, wannan layi ya zama wanda babu ɗan siyasar da yake son a ji shi yana karantawa. Haramcin ya samu karɓuwa a wurin mafi yawan jama'a, kuma wannan sharhi ba ya neman a ɗage shi. Abin da yake bi shi ne wani haƙƙi da ya salwanta tare da lasisin ba tare da an lura ba: haƙƙin mutanen unguwa na sanin wanda ya mallaki wurin da ke maƙwabtaka da su, da damar su ce ba su yarda ba kafin ciniki ya faɗa.

Abin da lasisi yake yi

Yawancin mutane suna ɗaukar lasisi a matsayin izini kawai. Amma a duk inda tsarin yake aiki, lasisi yana ɗauke da abubuwa uku. Yana ɗaure sana'a da sunan mutum guda wanda za a kama idan an karya doka. Yana ɗaure ta da gini guda, ta yadda ba za a kwashe ta a kai gefen makaranta ko masallaci cikin dare ba. Yana kuma bai wa maƙwabta da 'yan sanda ƙofar shigar da ƙorafi.

Raunin tsarin yana fitowa ne ranar da wurin ya sauya hannu. An binciki mai wurin na farko, an gamsu da halinsa, an ba shi takarda. Idan ya sayar wa wani a ɓoye, ginin yana nan, allon suna yana nan, amma mutumin da aka bincika ya tafi, wanda ba a bincika ba ya gaje shi. Wannan ne ya sa ƙasashe da dama suka ware doka ta musamman ga sauyin mallaka. A jihar Kalifoniya ta Amurka, wanda ya sayi mashaya sai ya manna sanarwa a jikin ginin, inda duk mai wucewa zai gani, har kwana 30, kuma a cikin wannan wa'adi mai ƙorafi yana iya shigar da ƙorafinsa. A Ingila, dokar lasisi ta 2003 ta wajabta wa mai neman sabon lasisi ya manna takarda mai launin shuɗi a wurin na kwana 28, ya kuma buga a jarida. Idan sauyin mallaka ne kawai, ana sanar da 'yan sanda, a ba su kwana 14 su faɗa idan suna ganin sabon mai wurin zai jawo aikata laifi.

Hanyoyin biyu sun bambanta a kan wanda za a sanar, ɗaya ta dogara da jama'a, ɗaya ta dogara da jami'an tsaro. Sun haɗu a kan cewa wurin da ake sayar da abin sa maye bai kamata ya sauya hannu a asirce ba.

Haramcin ya girmi shekarar 2000

Masu muhawara a Facebook da X sukan yi magana kamar daga Zamfara haramcin barasa ya soma, lokacin da Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'a a Gusau a watan Oktoban 1999. Tarihin ya fi haka nisa. Yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka ƙulla a birnin Brussels a 1890 ta hana shigar da barasa mai ƙarfi yankunan Afirka da ba ta riga ta yaɗu ba, kuma da Turawan Ingila suka kafa mulki a Arewa sai suka mayar da ita yankin haramci. Dalilinsu na siyasa ne: suna mulki ta hannun sarakuna, ba sa son abin da zai ɓata tsakaninsu.

Masana tarihi irin su Ayodeji Olukoju da Simon Heap sun yi rubutu a kan yadda wannan haramci ya kasance. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, fasa-ƙwaurin barasa ya biyo layin dogo. Turawa sun keɓe wa kansu izini, an sassauta wa baƙi mazauna Sabon Gari, burkutu da ake dafawa da dawa kuma ya ci gaba a ƙauyukan Maguzawa. Dokar laifuka ta Arewa da ta fara aiki a 1960 ta ci gaba a kan wannan turba: ta haramta wa Musulmi shan barasa, ta bar sayar da ita ga waɗanda ba Musulmi ba a ƙarƙashin lasisi.

Abin da ya sauya bayan 2000 shi ne wannan kafa ta lasisi ta toshe a siyasance. A Kano an yi wa dokar laifuka gyara a 2004 don hana sayar da barasa a faɗin jihar, kuma tun daga nan Hisbah take tara kwalabe tana fasawa a bainar jama'a: kusan miliyan 2 a watan Nuwamban 2020, kusan miliyan 4 a watan Fabrairun 2022. Mai goyon bayan Hisbah zai ga ƙoƙari a waɗannan alƙaluma, kuma ƙoƙari ne. Amma alƙaluman suna faɗar wani abu na biyu. Shekara 20 bayan haramci, har yanzu akwai masu zuba jarin da zai sayi miliyoyin kwalabe, akwai masu mota, akwai masu ma'ajiya, akwai masu rarrabawa. Direba da yaron shago ake yawan kamawa. Sunan mai jarin ba ya cikin kowace rajista.

A Katsina, gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta kafa Hukumar Hisbah ta jiha bayan hawanta mulki a 2023, kuma hukumar ta riƙa sanar da kama barasa da rufe wuraren baɗala. Samame yana rufe ƙofa na ɗan lokaci. Idan ƙura ta lafa, mai wurin ya sayar ko ya bayar da haya, aka sake fenti, aka kira shi masauki ko wurin shan lemo ko gidan kallon ƙwallo, babu wata takarda da ta tilasta wa kowa ya faɗa wa unguwa cewa hannu ya sauya.

Me ya sa batun ya fi nauyi a waɗannan ƙananan hukumomi uku

Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa mazaɓa ɗaya ce a Majalisar Wakilai, kuma ƙaddara ɗaya ta haɗa su. Faskari da Ƙanƙara suna iyaka da Zamfara, Sabuwa tana jingine da ƙasar Birnin Gwari ta Jihar Kaduna. A daren 11 ga Disamban 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A ƙarshen Agustan 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a kan umarnin da ya rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ya dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama har da na waɗannan yankuna, ya hana sayar da fetur a jarka. A watan Satumba na shekarar aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, uku daga cikinsu su ne waɗannan.

Duk waɗannan matakai tunani guda ne ya haife su: ɗan bindigar da ke daji ba ya rayuwa sai da gari. Fetur daga gari yake zuwa, haka burodi, haka katin waya, haka magani da ƙwaya da barasa, haka labarin wanda ya sayar da amfanin gona da wanda ɗansa ya aiko da kuɗi. Jami'an gwamnatin jihar sun sha faɗa cewa masu kai bayanai da masu kai kaya su ne ƙashin bayan matsalar, 'yan sanda kuma sun sha gabatar da irin waɗannan mutane ga manema labarai.

Idan haka ne, akwai giɓi a dabarar. An rufe kasuwa ga kowa, an katse waya ga kowa, mai laifi da marar laifi suka sha wuya tare. Amma wuraren da ake haɗuwa a yi cinikin, wato masaukai da mashaya ta ɓoye da wasu shagunan kemis, ba a ɗora musu abu mafi sauƙi ba, wato a san mai su. Mutumin da ya tara kuɗin fansa yana bukatar inda zai zuba su, kuma ƙaramin otal ko shago a bakin babbar hanya, irin wadda ta tashi daga Funtuwa ta ratsa ƙasar Faskari zuwa Gusau, wuri ne da ake cinikin tsabar kuɗi, baƙi suna shiga suna fita ba mai tambaya. A sayi irin wannan wuri da sunan ƙane ko yaro, a bar tsohon allo a ƙofa, shi ke nan. Wannan ba zargi ba ne a kan wani mai otal ko mai kemis, mafi yawansu neman halak suke yi. Magana ce a kan ƙofar da aka bari a buɗe.

Barasa kuma ba ita kaɗai ba ce, wataƙila ma ba ita ce babba ba. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwayoyi a Najeriya cikin shekara guda, kimanin miliyan 3 daga cikinsu a Arewa maso Yamma. A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan rahoton binciken BBC. A farkon 2024 hukumar NAFDAC ta sanar da hana barasar leda da ta ƙananan kwalabe, kafin matsin lambar masu masana'antu ya sa a jinkirta. Barasar leda da ƙwaya ba sa bukatar mashaya mai kujeru da kiɗa. Aljihu ya ishe su, ko bayan kanta. Don haka tambayar wa ke da wurin ta wuce gidan giya, ta shafi duk wurin da irin wannan kaya yake iya bi.

Kayan aikin suna nan

Ba sai an je Abuja neman sabuwar doka ba. Jadawalin da ya bai wa ƙaramar hukuma lasisin barasa shi ne ya ba ta ikon kula da shaguna da gidajen abinci, kuma majalisar kansiloli tana da hurumin yin dokokin cikin gida a kan waɗannan. A watan Yulin 2013 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a shari'ar gwamnatin tarayya da Jihar Legas, cewa rajista da lasisin otal hurumin jihohi ne. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ce ba a sayar da fili ko gini mai takardar gwamna sai da amincewar gwamna, wanda yake ƙarƙashin mallakar gargajiya kuma sai da amincewar ƙaramar hukuma. Dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta bayyana duk wanda ya mallaki kashi 5 cikin 100 ko fiye na kamfani, kuma a 2023 hukumar rajistar kamfanoni ta buɗe rajistar masu mallaka ta intanet. Shagunan kemis suna da lasisinsu daga hukumar kula da harhaɗa magunguna ta ƙasa.

Kowace daga cikin waɗannan tana riƙe da yanki guda na amsar, babu wadda ke magana da 'yar'uwarta, kuma babu wadda ke sanar da mutanen unguwa. Abin da ya rage shi ne zaren da zai ɗinke su. Dokar ƙaramar hukuma mai shafi biyu za ta iya cewa: duk masauki ko otal ko wurin shaƙatawa ko kemis da zai sauya mai shi, ko mai haya, ko mai gudanarwa, sai an manna sanarwa da Hausa da boko da ajami a ƙofarsa da sakatariya da fadar hakimi na kwana 30, sai an aika kwafi ga baturen 'yan sanda na yanki da ofishin NDLEA, sai an rubuta sunan sabon mai wurin da lambar shaidarsa ta ɗan ƙasa a littafin da za a iya dubawa. Wanda ya ƙi, a rufe wurin har ya cika sharaɗi.

Uzurin rashin kuɗi da rashin iko ya yi rauni. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓu ne kaɗai za su riƙe su. Aiwatar da hukuncin yana tafiyar hawainiya, amma littafin rajista da allon sanarwa ba su kai kuɗin tayar mota guda ta ayarin shugaba ba.

Hujjojin masu ja

Akwai hujjoji huɗu da suka cancanci a saurara.

Ta farko ta addini ce: rubuta sunan mai irin wannan wuri tamkar halatta shi ne. Amsar ita ce rajistar ta ginin ce da mai shi, ba izinin sayar da haram ba ce. Hasali ma tana ƙarfafa hukunci, domin ranar da aka kama barasa a masauki, akwai sunan da za a kai kotu maimakon yaron da ke share ɗakuna. Hisbar da ta san mai gida ta fi wadda ta san mai gadi tasiri.

Ta biyu ta fi nauyi, domin ta shafi rai. A ƙauyen da mai kai bayanai yake sallah a sahu ɗaya da kai, wa zai fito ya ce bai yarda wane ya sayi wuri ba? Kuma manna sunan mai saye a bango ba nuna wa masu garkuwa wanda ke da kuɗi ba ne? Wannan tsoro gaskiya ne, kuma a nan tsarin Ingila ya fi dacewa da mu fiye da na Kalifoniya. Sanarwar bango ta tsaya a kan cewa wurin zai sauya hannu da sunan mai gudanarwa, ba tare da farashi ba. Ƙorafi kuma a karɓe shi a rufe, ta hanya fiye da ɗaya, ta hannun mai unguwa ko limami ko kansila ko 'yan sanda, don kada mutum guda ya zama shi kaɗai ne ƙofa, ya kuma zama shi ne mai tona asiri.

Ta uku ita ce za a mayar da abin wata sabuwar hanyar tatsar talaka. Duk wanda ya taɓa neman takarda a sakatariya ya san wannan ba zato ba ne. Maganinsa a rubuta kuɗin rajista a cikin dokar, ya zama kaɗan, a biya ta banki, a kuma sa wa'adi: idan kwana 30 suka cika ba ƙorafi, ciniki ya tabbata ko jami'i ya sa hannu ko bai sa ba.

Ta huɗu ta shafi waɗanda ba su da rinjaye. Kudancin Katsina gida ne ga Maguzawa da Hausawa Kiristoci tun kaka da kakanni, akwai kuma 'yan kasuwa daga Kudu da suka daɗe suna riƙe da shagunan magani da kayan gyaran mota. Damar ƙorafi tana iya zama sandar korar wanda ba a so saboda addininsa ko ƙabilarsa. Sashe na 42 na kundin tsarin mulki ya hana wannan wariya, sashe na 36 ya ba kowa damar a saurare shi. Don haka dole dokar ta ƙayyade dalilan ƙorafi, kamar tarihin laifi ko kusanci da makaranta, a rubuta dalilin ƙin amincewa, a kuma bar ƙofar ɗaukaka ƙara zuwa kotu. Rajistar da take a rubuce ta fi kare marar gata fiye da samamen da babu takarda.

Inda muhawarar ta karkata

Duk lokacin da aka fasa kwalabe a Arewa, sai muhawara ta koma kan harajin VAT: me ya sa jihar da ta haramta barasa take karɓar kaso daga harajinta? Gardamar ta yi zafi bayan hukuncin Babbar Kotun Tarayya ta Fatakwal a watan Agustan 2021, wadda ta goyi bayan Jihar Ribas a kan karɓar harajin. Tambaya ce mai ma'ana, amma ta manyan Abuja da gwamnoni ce. Manomin Sabuwa da ya kwana a daji saboda tsoro, ko uwar da ɗanta ya faɗa shan ƙwaya a Ƙanƙara, babu abin da rabon VAT zai sauya musu gobe da safe. Sanin wanda ya karɓi masaukin da ke bayan gidansu yana iya sauyawa.

Matasan da ke bibiyar siyasa a wannan mazaɓa suna da abin yi da ya fi zagin juna a kafafen sada zumunta. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa buƙatar da aka rubuta mata, kuma a watan Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa dokar ta hau kan jihohi. Takarda guda zuwa ga sakataren kowace ƙaramar hukuma ta isa, da tambayoyi uku: masaukai da otal da wuraren shaƙatawa nawa ne a rajistarku, nawa ne suka sauya hannu tun 2020, kuma nawa kuka karɓa a matsayin kuɗin lasisinsu? Idan amsa ta zo, an samu abin bincike. Idan aka ce babu rajistar, to wannan ita ce maganar da za a kai wa kansila, a nemi ya gabatar da ƙudiri a zaman majalisa na gaba, a kuma rubuta sunan duk wanda ya goyi baya da wanda ya yi shiru, a ajiye har ranar da za su dawo neman ƙuri'a.